Idan Nono Ba Ya Karɓar Ka: Yadda Nake Bi Wajen Zaɓen Yogot

Duk wanda ya ce mini nono ba ya karɓar sa, ba na gaggawar ambata masa sunan wani yogot. Tambaya biyu nake fara yi: me ke faruwa bayan an sha, kuma bayan tsawon wane lokaci? Amsar ita ke raba hanya, domin matsala uku ce mabambanta ake haɗawa a kira da suna ɗaya, kuma yogot ɗin da zai zauna wa wani lafiya yana iya kwantar da wani a asibiti.

Wadda ta fi yawa, nesa ba kusa ba, ita ce ta sukarin da ke cikin madara, wato laktos. A ƙaramin hanji akwai wani sinadari mai suna laktes, aikinsa shi ne raba wannan sukari gida biyu kafin jini ya ɗauka. Jariri yana da shi isasshe, amma a wajen kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya yakan ragu bayan yaye. Fulani makiyaya na cikin al'ummomin da da yawansu ke riƙe shi har girma, shi ya sa wani zai shanye ƙwaryar madara ya miƙe ya bi shanunsa, maƙwabcinsa kuwa kofi ɗaya ya hana shi zama cikin mutane. Sukarin da bai narke ba yakan gangara babban hanji, ya jawo ruwa, bakteriyar da ke can su far masa su yi ta fitar da iska. Tsakanin rabin awa zuwa awa biyu sai ciki ya fara ƙugi, ya kumbura, ya murɗa, wani lokaci zawo ya biyo baya. Akwai takura, amma ba ya kisa, kuma tsananinsa yana bin yawan abin da aka sha.

Ta biyu daban take. A nan garkuwar jiki ce ke ɗaukar furotin ɗin madara a matsayin abokin gaba. Cikin 'yan mintuna zuwa awa biyu sai borin jini ya feso, leɓe ko fatar ido su kumbura, a yi amai, a wasu lokuta numfashi ya sarƙe. An fi ganinta ga ƙananan yara, kuma a wajen jarirai takan zo a hankali da ƙuraje masu ƙaiƙayi ko jini a kashi. Da na ji ɗaya daga cikin waɗannan alamu, maganar yogot ɗin dabba ta ƙare. Tsami ba ya kawar da furotin, wanda aka cire wa laktos ma furotin ɗinsa yana nan daram, kuma madarar akuya da ta tunkiya sun yi kama da ta saniya ta yadda galibin masu wannan matsala jikinsu ba ya bambance su. Gwajin da zan bayyana a ƙasa ba nasu ba ne, nasu sai a gaban likita.

Ta uku kuwa madarar ba ta da laifi, abin da aka zuba a cikinta ne ke ta da ciki. Za mu zo kansa idan mun isa gaban firijin kanti.

Kafin a sayi komai nakan sa a yi mako biyu ba a taɓa madara ba, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Mutum zai bar nono da yogot amma ya ci gaba da shan shayi mai kauri da madarar gwangwani kowace safiya, ya ci biskit da cakulan, ya sha kunun gyaɗa da aka barbaɗa wa madarar gari, sannan ya ce bai ga canji ba. Sai an ɗauke su duka. Idan ciki ya lafa a cikin makonnin nan, zargi ya tsaya kan madara. Idan bai lafa ba, a daina wahalar da kai da neman yogot na musamman, a je a duba tsutsar ciki, gyambon ciki ko wata cutar hanji. Wanda kuma ke ramewa, ko yake ganin jini a bayan gida, ko zawo ke tashinsa da tsakar dare, ba ya ma jiran mako biyun. Wani abin lura: bayan zawo mai tsanani bangon hanji yakan goge, laktes ya yi ƙasa na ɗan lokaci. Mai irin wannan yakan warware cikin 'yan makonni, don haka ba a yanke masa hukuncin rabuwa da nono har abada.

Ga mai matsalar laktos, lissafin da nake riƙewa a kai ba shi da wuya. Madarar saniya tana da kusan giram 5 na laktos a kowace mililita 100, wato kusan giram 12 a kofi mai mililita 250. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2010 cewa yawancin masu wannan matsala suna iya ɗaukar giram 12 a zama ɗaya ba tare da wata damuwa mai yawa ba, ko da yake akwai waɗanda ƙasa da haka ma ke ta da musu ciki. Yogot yana da sauƙi fiye da madara ta hanya uku. Bakteriya iri biyu da ke yin sa, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus, suna cinye kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na laktos su mai da shi tsami. Sannan su kansu suna ɗauke da sinadarin da ke narkar da laktos a cikin jikinsu, ɓawonsu yana kare shi daga zafin tumbi, sai sun isa ƙaramin hanji ruwan matsarmama ya buɗe su, su ƙarasa aikin da hanjin mai shan ya kasa. Kauri kuma yana sa yogot ya bar tumbi a hankali, ɗan laktes ɗin da ya rage wa mutum ya samu sararin yin aiki.

Hanya ta biyun nan ita ce mafi muhimmanci, kuma tana aiki ne kawai idan bakteriyar suna raye. Saboda haka abin da nake fara dubawa a kanti shi ne inda aka ajiye kayan. Yogot ɗin da ke jere a kan kanta cikin kwali, babu sanyi, da wa'adin wata da watanni, an sake dafa shi bayan ya yi tsami don ya daɗe, kuma dafuwar ta kashe bakteriyar. Ba gurɓatacce ba ne, sai dai ga mai matsalar laktos ya rasa babban amfaninsa. Mai rai yana cikin firiji, wa'adinsa 'yan makonni ne, kuma galibi an rubuta "live cultures" a jikinsa, ko "ferments lactiques" a kayan da ke yawo a Nijar da Kamaru. Nakan ɗauko robar in taɓa ta in ji ko da gaske tana da sanyi, domin a inda wuta ke zuwa tana tafiya, firiji yakan zama akwati kawai. In murfin ya kumbura ya yi tozo, yis ya shiga yana fitar da iska, sai in mayar. Wani ɓacin cikin da ake ɗora wa laktos bayan shan yogot ɗin leda a tasha daga irin wannan ne. Alamarsa mai sauƙi ce: idan kowa da ya sha a gidan ya kwana yana zarya, ba laktos ba ne.

Daga nan sai in juya bayan robar. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Yogot na ainihi abu biyu ne, madara da bakteriya, duk abin da ya ƙaru a kai abin tambaya ne. A Nijeriya nakan duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, sannan in gangara layin sukari a jadawalin sinadaran abinci da ke jikin robar. Idan yogot ɗin ba a sa masa zaƙi ba, adadin da ke wannan layi shi ne iyakar laktos ɗin da zai iya kasancewa a ciki, galibi giram 4 zuwa 6 a cikin giram 100. Mai zaƙi kuwa za ka ga giram 12 ko fiye, an cakuɗa na rake da na madara, babu yadda za a ware su. Wannan kaɗai ya isa dalilin fara gwaji da marar zaƙi.

Madarar gari ce tarkon da mutane ba su cika gani ba. Yawancin yogot ɗin da ake yi a garuruwanmu da ita ake yi, kuma mai sana'a yana son kauri domin kauri ke sayar da kaya. Madarar gari mai maiƙo kusan kashi 38 cikin 100 nata laktos ne, wadda aka cire wa maiƙo kuwa ta kai rabi. Giram 130 a lita ɗaya yana ba da madara daidai da ta saniya. To a ce an zuba giram 200 don ya yi kauri: laktos ya zama giram 76 a lita. Ko bakteriya sun cinye kashi ɗaya cikin huɗu, saura giram 57, wato giram 5.7 a kowace mililita 100, ya zarce na madarar da mutum ke gudu tun farko. Haka kamfanoni ke yi idan ka ga "milk solids" ko "whey powder" a jerin kayan haɗi. Mai shan zai ce ai ko yogot ma bai karɓe shi ba, alhali laktos fiye da na madara aka ba shi.

Sauran abubuwan da ke jerin su ne matsala ta ukun da na ambata. Yogot ɗin da aka rubuta wa babu sukari sau da yawa an zaƙaƙa shi da sorbitol ko xylitol ko maltitol, kuma waɗannan suna saki ciki ko ga mai lafiya idan sun yi yawa. Inulin, wanda ake samu daga saiwar wani tsiro mai suna chicory ana ƙarawa da sunan gyaran hanji, yana cika mai saurin kumburin ciki da iska. Zuma, mangwaro da tuffa suna da sukarin 'ya'yan itace da wasu hanji ba sa iya ɗauka da yawa. Jami'ar Monash da ke Ostareliya ce ta tattara irin waɗannan sukari masu saurin ruɓa a hanji ƙarƙashin sunan FODMAP, kuma masu fama da rikicewar hanji ta yau da gobe sukan amfana da rage su. Mai cutar da ke hana cin alkama ya guji wanda aka haɗa da gutsattsarin hatsi a murfi ko aka sa wa malt na sha'ir. Akwai kuma abu biyu da ba ciki suke damu ba amma mai karatu zai so ya sani: gelatin da ake kauri da shi daga fata da ƙashin dabba yake, yana iya zama na alade idan ba a fayyace ba, jan launin nan mai lamba E120 kuwa daga wani ƙwaro ake samunsa.

Kindirmo fa? Idan an yi shi yadda ya kamata, wato an tafasa madara, an bar ta ta huce, an zuba ɗan tsohon kindirmo a matsayin iri, an rufe ƙwarya da faifai ta kwana, to yana da bakteriya masu rai, kuma sau da yawa ya fi na kanti zama lafiya a ciki. Abin da nake tambayar mai tallan shi ne ko an tafasa madarar, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar burusela mai sa zazzaɓi, tsami kuma ba abin dogaro ba ne wajen kashe su. Sannan in tambaya ko na shanu ne ko na gari. Da rani, lokacin da shanu ba su da nono sosai, akan ƙara ruwa, a kaurara da garin 'ya'yan kuka ko madarar gari. Kuka ba ta da illa, ruwan da ba a san daga inda aka ɗebo shi ba shi ne abin tsoro. Nonon da aka kaɗe aka cire wa man shanu bai rage laktos ba, domin sukarin a cikin ruwan yake, ba a cikin man ba. Wanda ya ƙara kwana ya yi tsami sosai dai ya fi sabo ƙarancinsa.

Idan an zaɓi guda ɗaya, marar zaƙi, mai rai, gajeren jerin kayan haɗi, sai gwaji. Rana ta farko cokali biyu na cin abinci, kusan giram 30, a tsakiyar abinci, ba da ciki wayam ba. A jira awa 24 a rubuta abin da aka ji da lokacin da aka ji shi. In shiru, rana ta biyu da ta uku a ninka zuwa cokali huɗu, sannan rabin kofi, sannan kofi guda, kowane mataki kwana biyu. Inda ciki ya fara magana, matakin da ke ƙasa da shi shi ne ma'aunin mutum, kuma yana iya shan wannan adadi sau biyu a rana idan ya raba safe da yamma. Abin da ke ɓata gwajin nan sananne ne. Kada a yi shi ranar da aka ci ɗanwake, alala, ƙosai ko shinkafa da wake, don ba za a san wa ya kawo iskar ba. Kada a yi shi ana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kada a canja yogot a tsakiyar mako. Kada kuma a gwada da fura, domin citta da kanumfari da barkono da sukarin da ke cikinta kowanne na iya ta da ciki da kansa, duk da cewa gero ba shi da sinadarin alkama. Buɗe-baki da babban kofin fura da nono mai sanyi bayan yini guda ba a ci komai ba shi ne gwaji mafi muni da za a yi wa hanji, kuma da yawa daga nan suke yanke cewa nono ya daina karɓar su.

Wanda ko cokali huɗu ya dame shi, nakan koma da shi kicin, domin a gida ne ake iya juya tsawon lokacin tsami. A ɗora lita ɗaya ta madara a wuta har ta kusa tafasa, wajen digiri 85, ana motsawa kada ta kama, a riƙe ta a haka minti 20 zuwa 30. A sauke ta huce zuwa digiri 43. In babu ma'aunin zafi, a ɗiga a bayan hannu, a ji ɗumi mai ƙarfi wanda ba ya ƙuna. A dama cokali biyu na yogot mai rai a ɗan madarar, a juye a ciki, a zuba a kwalbar da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa, a sa a kula tare da gorar ruwan ɗumi, a rufe. A awa 6 zuwa 8 ya kama. Mai gudun laktos ya bar shi awa 12 zuwa 24, yana sauya ruwan ɗumin idan ya huce. Zai yi tsami har ya kama haƙora, laktos ya ƙara raguwa, amma ba ya ƙarewa ƙaf, domin tsamin da bakteriyar suka yi shi ne ke rage musu ƙarfi. In bai kama ba, ɗayan uku ne: an zuba irin madara na da zafi sosai ya mutu, ko kular ta huce da wuri, ko irin daga yogot ɗin kwali aka ɗebo. In ya yi yauƙi yana jan zare, galibi zafin ne ya yi ƙasa.

Sai tacewa. A shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan rariya, a ɗora a kan kwano, a juye yogot ɗin, a sa a firiji. Da farko ruwan zai zubo da sauri, garai-garai, launinsa tsakanin rawaya da kore, daga baya ya koma ɗigo ɗaya-ɗaya. Bayan awa uku zuwa huɗu kusan kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ya fita, abin da ya rage a ƙyallen yana tsayawa a cokali ko an kife shi. Wannan shi ne abin da ake sayarwa da sunan yogot ɗin Girka. Gaskiyar lissafinsa ita ce laktos ɗin da ke cikin kowane giram 100 ɗan kaɗan ya ragu, ribar tana wajen furotin da ya ninka zuwa giram 8 ko 10, ta yadda rabin kofi ke ƙosarwa kamar kofi guda. Wani ɓangare na kalsiyam yana bin ruwan ya fita. A kanti kuma a kula, akwai wanda sunan Girka kawai ya ara, da sitaci aka kaurara shi, layin furotin ne ke tona masa asiri idan ka ga giram 3 ko 4.

Wanda aka rubuta wa babu laktos, da ake samu a wasu manyan kantuna, madarar saniya ce aka zuba wa laktes tun a masana'anta. Yakan fi ɗan zaƙi ko ba a sa sukari ba, saboda gida biyun da aka raba laktos ɗin sun fi shi zaƙi a harshe. Akwai kuma ƙwayar laktes da ake haɗiya tare da lomar farko, in an sha bayan ciki ya fara ƙugi an makara. Jaririn da aka haifa da cutar galaktosimiya, wadda ke hana jiki sarrafa ɗaya daga cikin gida biyun laktos, duk waɗannan ba su halatta gare shi ba. Game da madarar raƙumi, tana da laktos kamar sauran, kuma ba ta kamawa ta yi kauri irin na kindirmo.

Mai matsalar furotin, ko wanda duk abin da ke sama bai yi masa ba, sai na tsirrai. Na waken suya ne ya fi kusa da na saniya a furotin, giram 3 zuwa 4, kuma yana kamawa da kyau: a jiƙa waken awa 8 zuwa 12, a murje ɓawon, a markaɗa, a tace kamar za a yi awara, a tafasa minti 20, a sa ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na sukari a lita don bakteriya su samu abin ci, sannan a bi matakan da suka gabata. Aibinsa biyu. Waken yana da nasa sukarin mai kawo iska, kuma wasu yaran da madarar saniya ke yi wa borin jini waken suya ma yana yi musu. Na kwakwa yana da daɗi da maiƙo amma furotin ɗinsa bai kai giram ɗaya ba, ba ya kamawa sai an sa garin rogo mai laushi, kuma bai isa abincin yaro mai girma ba. Aya ba gyaɗa ba ce, saiwa ce, don haka mai gudun gyaɗa galibi yana shan kununta, sai dai ita ma tsinkewa take idan an ce za a yi yogot da ita. A na kanti a duba ko an ƙara kalsiyam ya kai wajen miligiram 120 a giram 100, gwargwadon na madara. Na gida ba shi da wannan, sai a cike gurbin da riɗi, zogale da ƙananan kifin da ake ci da ƙaya.

Kuskuren da ya fi haɗari a nan wajen iri yake. Mace za ta yi wa ɗanta mai borin jini yogot ɗin waken suya da hannunta, ta bi komai daidai, sannan ta ɗebo cokali biyu na kindirmo ta zuba don ya kama. Cokali biyun nan sun isa su kumbura masa fuska. Irin dole ya fito daga yogot ɗin tsirrai ko busasshen iri da aka rubuta babu madara a cikinsa, kuma ludayi da ƙyallen tata da kwalbar su zama nasa shi kaɗai.